Dutsen Laoshan: wa ke da wurin ibada, wa ke da ƙofa, wa ke da ƙasa?

Wanda ya je Dutsen Laoshan na ƙasar Sin ta hanyar kudu zai ajiye motarsa a mashigar Dahedong, ya yanki tikitin shiga, ya biya kuɗin motar hukuma da za ta bi da shi ta gefen teku. In ya sauka a Taiqing, wurin ibadar addinin Tao mafi girma a dutsen, sai ya tarar da wata ƙofar mai nata kuɗin. A nan tambayoyi kan taso. In wurin ibada ne, me ya kawo tikiti? In kuwa wurin shaƙatawa ne na gwamnati, da wane matsayi masu ibada suke zaune a ciki? Kuma tunda gwamnatin ƙasar Sin ta fitar da dokoki a 2017 da 2018 da suka hana mai da addinin Buddha da na Tao abin kasuwanci, me ya sa ba a daina karɓar kuɗi ba?

Amsar tana cikin yadda doka ta kasa dutsen. A idon mai ziyara wuri ɗaya ne, amma a takarda abu uku ne: yankin shaƙatawa na ƙasa, wuraren ibada masu rajista, da ƙauyuka masu gonaki da jiragen kamun kifi. Kowanne da dokar da ke tafiyar da shi, da hukumar da yake amsa wa.

Dutsen da inda yake

Laoshan yana gabas da birnin Qingdao, a lardin Shandong, a bakin Rawayen Teku. Ƙololuwarsa, Jufeng, ta kai mita 1,132.7, kuma babu dutsen da ya fi shi tsawo a duk gaɓar tekun babban yankin ƙasar Sin. Yankin da aka keɓe ya kai murabba'in kilomita 446, da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 87. Dutsen giranit ne, ƙasar da ke kansa ba ta da zurfi, itatuwan da suka fi yawa kuwa masu ganye kamar allura ne, irin waɗanda wuta ke saurin kamawa in sun bushe.

Kwarin Taiqing yana da wani yanayi na daban. Tuddai sun kare shi ta gefe uku, ya buɗe fuska ga teku ta kudu, don haka iskar hunturu mai zuwa daga arewa ba ta dukansa kai tsaye. Shi ya sa tsirran da aka saba gani a kudancin ƙasar suke rayuwa a nan. Wannan ɗumin shi ya zaunar da masu ibada tun da can, shi ne kuma daga baya ya ba da damar gwada noman shayi.

Kalmomin da ya kamata a bambance

Tao, ko Dao, ma'anarsa hanya: tsarin da masu wannan aƙida suke ganin komai na duniya yana bi. Akwai falsafar da ake dangantawa ga Laozi, wani masanin ƙasar Sin na zamanin da, akwai kuma addini mai malamai da littattafai da bukukuwa, wanda ya ɗauki siffar ƙungiya a ƙarni na 2 miladiyya. Malamin wannan addini shi ake kira daoshi.

Daoshi iri biyu ne a yau. Mabiya Zhengyi suna iya aure, su zauna a gida, su yi wa jama'a hidimar jana'iza da addu'o'i. Mabiya Quanzhen ba sa aure, ba sa cin nama, suna tara gashi su ɗaure shi a tsakar ka, kuma suna zaune ne a cikin gidan ibada ƙarƙashin ƙa'ida. Laoshan na Quanzhen ne. Wannan bambanci yana da nasaba da maganar kuɗi: wanda ya bar gida da sana'a, ci da sha da magani da rufin ɗakinsa duk suna wuyan gidan ibadar da yake ciki.

Babban gidan ibada shi ne gong, wato fada, mai bi masa guan, ƙarami kuma an. Mutanen yankin kan ce a zamanin da dutsen ya cika yana da fada tara, guan takwas, da ƙananan wurare saba'in da biyu. Wannan salon magana ne mai nufin yawa, ba ƙidaya ba ce.

Yankin shaƙatawa kuwa suna ne na doka. Gwamnatin wurin ce ke kafa hukumar da ke gudanar da shi, ita ke kula da hanyoyi da daji da tsaro, ita ke sayar da tikitin babbar ƙofa. Ba hukumar addini ba ce.

Yadda dutsen ya zama na masu bin Tao

Tarihin da gidan Taiqing yake riƙe da shi ya ce wani mai suna Zhang Lianfu ne ya fara kafa bukka a wurin a shekara ta 140 kafin miladiyya, zamanin daular Han, kuma har yau ana nuna wani tsohon itace da aka ce shi ya dasa. Ya kamata a karɓi wannan a matsayin ruwayar gida, domin shekarar ta girmi kafuwar addinin a matsayin ƙungiya da kusan shekara 280. Abin da ya fi tabbata ya fara ne daga ƙarni na 10, lokacin da sarkin farko na daular Song ya karrama wani daoshi mai suna Liu Ruozhuo, aka kuma gina wa dutsen gidajen ibada da tallafin fadar sarki, ciki har da Taiping da Shangqing.

Babban sauyi ya zo da Quanzhen. Wang Chongyang ya kafa wannan tafarki a gabashin Shandong daga 1167, ba da nisa sosai da Laoshan ba. Almajirinsa Qiu Chuji ya ziyarci dutsen ya bar waƙoƙin da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Shi ne wanda ya yi doguwar tafiya ya gana da Genghis Khan, sarkin Mongol, a 1222, ya dawo da alfarmar da ta ɗauke wa mabiyansa haraji. Daga nan gidajen ibadar Laoshan suka koma hannun Quanzhen, har aka riƙa kiran Taiqing na biyu a daraja bayan gidan ibadar Baiyun da ke Beijing.

Addinin Buddha ma yana da sawu a nan. Faxian, malamin Buddha da ya je Indiya neman littattafai, a gaɓar Laoshan jirginsa ya jefo shi a 412. Gidan ibadar Huayan na Buddha, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 17, yana nan a gefen gabas.

Shari'ar Haiyin

Rikicin mallaka a Laoshan bai fara da tikiti ba. A 1583 wani fitaccen malamin Buddha, Hanshan Deqing, ya zo dutsen. A lokacin Taiqing ya lalace, masu ibadarsa sun ragu. Da goyon bayan mahaifiyar sarki Wanli, Hanshan ya gina gidan ibadar Buddha mai suna Haiyin a filin. Wani daoshi, Geng Yilan, ya shigar da ƙara cewa an ƙwace musu wuri. Ya sha kaye a gaban mahukuntan yankin, har aka hukunta shi, amma bai bari ba sai da maganar ta isa fadar Beijing. A 1595 aka kama Hanshan da laifin gina gidan ibada ba da izini ba, aka kore shi zuwa Leizhou a can kudu. A 1600 aka rushe Haiyin, aka sake gina Taiqing, sarki ya aiko da cikakken kundin littattafan Tao kyauta. Fasalin gidan da ake gani yau, mai manyan zaure uku, daga wancan gyaran ya samo tushe, kuma a gabansa akwai dutsen da ke nuna inda Haiyin ya taɓa tsayawa.

Masana tarihi suna danganta hukuncin da rashin jituwar da ke tsakanin sarkin da mahaifiyarsa fiye da ƙarfin hujjar kowane ɓangare. Abin lura shi ne laifin da aka ɗora wa Hanshan: gini ba da izini ba. Tun a wancan zamani fada ce ke yanke wanda zai zauna a dutsen da abin da zai gina, kuma wannan tsari bai canja ba, sunan hukumar ne ya canja.

Daga rufewa zuwa tikiti

A da, gidajen ibadar Laoshan suna da gonaki da daji, da su suke ciyar da kansu. Rabon filaye na farkon shekarun 1950 ya raba su da mafi yawan wannan dukiya. A lokacin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an farfasa mutum-mutumi da allunan tarihi, an sallami masu ibada. Da aka sassauta, sai abu biyu suka faru kusan a tare. A 1982 majalisar gudanarwar ƙasar ta sa Laoshan cikin rukunin farko na manyan yankunan shaƙatawa na ƙasa. A 1983 ta sa Taiqing cikin muhimman gidajen ibadar Tao 21 da za a bar wa masu addinin su gudanar.

Wato an mayar wa daoshi da gine-gine, ba a mayar musu da gonakin da suke ciyar da gine-ginen ba. Dutsen da ke kewaye da su kuma ya koma hannun wata hukuma mai nata kasafin. Gidan ibada ya rage da sadaka, da kuɗin addu'o'i, da kuɗin ƙofarsa. Hukumar shaƙatawa kuma ta dogara da babbar ƙofa. Asalin biya sau biyu ke nan.

Dokar yankunan shaƙatawa ta 2006 ta fayyace inda kuɗin babbar ƙofa zai tafi: a zuba shi a asusun gwamnati, a fitar da shi don kare yankin da gudanar da shi, da biyan diyya ga waɗanda keɓe wurin ya taɓa dukiyarsu. A 2011 Laoshan ya samu matakin 5A, mafi girma a ma'aunin wuraren yawon buɗe ido na ƙasar, matakin da ke zuwa da sharuɗɗan hanyoyi da banɗakuna da tsafta masu cin kuɗi.

Abin da dokokin suka hana, da abin da suka bari

A watan Nuwamban 2017 hukumomin gwamnatin tsakiya 12 suka fitar da takardar haɗin gwiwa kan kasuwanci da addinin Buddha da na Tao. Sabuwar dokar harkokin addini kuma ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2018. Idan aka haɗa su, an hana kamfani ko mutum ya zuba jari a gidan ibada, ko ya karɓe shi haya ko kwangila, ko ya raba riba da shi. An hana sa gidan ibada cikin kadarorin kamfanin da zai shiga kasuwar hannun jari. An hana ajiye akwatin sadaka a wurin da ba shi da rajistar ibada, da yaudarar baƙi su sayi turaren tsinke mai tsada ko su biya kuɗin duba. An hana kafa ƙaton mutum-mutumin addini a fili a wajen harabar gidan ibada, na cikin haraba ma sai da amincewar hukumar ƙasa.

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin yawon buɗe ido na Dutsen Emei ya shiga kasuwar hannun jari tun 1997, na Dutsen Jiuhua a 2015, dukansu duwatsu masu tsarki ga mabiya Buddha. Na Dutsen Putuo ya nemi bin sahu, aka yi ca a kansa, ya janye a 2018. Shekarun da suka gabaci dokar kuma su ne na gasar gina manyan mutum-mutumi don jan baƙi. Laoshan ma yana da nasa: siffar Laozi mai tsayin kimanin mita 50 in an haɗa da gindinta, a tsaye kusa da Taiqing, irin ginin da a yanzu samun izinin sabonsa ya yi wuya matuƙa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa dokokin ba su soke tikiti ba. Takardar 2017 cewa ta yi yankin shaƙatawar da wurin ibada ne babban abin kallonsa kada ya tsawwala kuɗin shiga. Hana tsawwalawa daban, hana karɓa daban. Laoshan kuma yana da hujjar cewa teku da tuddai da rafukansa su ma abin kallo ne, ba gidajen ibada kaɗai ba.

Maganar farashi ta wata ƙofa ta biyo. A watan Yunin 2018 hukumar tsara tattalin arzikin ƙasar ta umarci a rage kuɗin shiga manyan wuraren shaƙatawa mallakar gwamnati, a kuma daina loda wa tikiti ɗawainiyar da ba ta shafi wurin ba, kamar ayyukan ƙaramar hukuma na wajen yankin. Sai kuma daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Disambar 2022 birnin Qingdao ya ɗauke kuɗin babbar ƙofa a wuraren gwamnati, har da Laoshan, don farfaɗo da yawon buɗe ido bayan annobar korona. Ko a lokacin, kuɗin mota da na motar igiya (mai rataye a waya tana hawa da mutane kan dutse) suna nan, domin su hidima ce da ake lissafawa daban.

Ga masu addinin akwai tanadi tun 2005: daoshi da ma'aikatan gidan ibada, da mabiyi mai takardar shaidar shiga addinin, ba sa biyan kuɗin ƙofa in ibada ta kai su. Matsalar ita ce yawancin Sinawan da ke ƙona turare ba su da irin wannan takarda. Mutum kan je ya yi roƙo don jarrabawar ɗansa ko lafiyar mahaifiyarsa ba tare da ya taɓa rubuta sunansa a wani addini ba. A wurin mai yankan tikiti shi ɗan yawon buɗe ido ne.

Yadda kowane ɓangare ke kallon lamarin

Hujjar hukumar shaƙatawa ta aiki ce. Ita ke gyaran matakala bayan damina, ita ke biyan masu gadin daji da masu kwashe shara da masu ceto, kuma tikiti da rajistar suna su ne hanyar ƙayyade yawan mutanen da za su hau a rana. In aka buɗe ƙofa, dole kuɗin ya fito daga harajin mutanen Qingdao, ciki har da waɗanda ba su taɓa hawa dutsen ba. Raunin wannan hujja shi ne gwamnatin tsakiya da kanta ta yarda a 2018 cewa a wurare da dama kuɗin ƙofa yana malala zuwa wasu ayyukan.

Masu sukar tikiti, daga cikin malaman addini da masana, suna cewa mai niyyar ibada bai kamata ya sayi hanya ba, kuma sunan gidajen ibada ne ke jawo baƙin da hukumar ke cin moriyarsu. Suna kuma kokawa da hayaniya: Quanzhen tafarki ne na zaman shiru da horon numfashi da karatun safe da yamma, abin da ba ya jituwa da jerin gwanon baƙi da lasifikar jagora. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan ibadar ma yana karɓar kuɗi a ƙofarsa, kuma baƙin nan su ne ke cika akwatin sadakar da ake gyaran katakon rufi da shi a wurin da iskar gishiri ke cin itace da ƙarfe.

Akwai kuma saɓani kan manufar dokokin kansu. Wasu na ganin sun kare gidajen ibada daga 'yan kasuwa, musamman da yake doka ta ba su damar yin rajista a matsayin hukuma mai zaman kanta a gaban shari'a, mai dukiyar da ba a rabawa, ba a gado, kusa da abin da aka sani da waƙafi. Wasu kuma na nuni da cewa a 2018 ɗin ne aka mayar da hukumar harkokin addini ƙarƙashin wani sashe na jam'iyyar kwaminis kai tsaye, don haka abin da aka rage wa ɗan kasuwa an ƙara wa hukuma ne, ba ga daoshi ba. Duka biyun suna da madogara a cikin rubutun dokar: ta rufe ƙofar jari, ta kuma ƙara bincike kan asusu da gini da naɗin shugabanni.

Mutanen ƙauyuka

Su ne ɓangaren da ba a cika jin muryarsu ba. Ƙauyuka irin su Qingshan suna cikin yankin, kuma a dokar Sin filin ƙauye mallakar jama'ar ƙauyen ne a dunƙule. Amma da yake suna cikin wurin da aka keɓe, ƙara bene ko buɗe sabuwar gona a gangare yana buƙatar izinin da maƙwabtansu na wajen yankin ba sa fama da irinsa. Taƙaita shigar motoci ya rage cunkoso, ya kuma mai da cinikin mai shago ya rataya a kan inda motar hukuma ke tsayawa.

Kalandar teku ta ƙara ɗaure su da baƙi. An hana kamun kifi a wannan ɓangare na Rawayen Teku daga 1 ga Mayu zuwa 1 ga Satumba don kifi ya hayayyafa. Waɗannan watanni huɗu su ne kuma lokacin cikar baƙi, don haka gidan masunci kan koma masauki da gidan abinci. Duk abin da ya taɓa yawan masu shigowa, ragin tikiti ne ko ƙayyade adadi, yana isa tukunyarsu kai tsaye.

Shayi shi ne ɗaya ƙafar. An fara gwada dasa shi a Laoshan a 1959, a ƙoƙarin kawo shayin kudu arewa. Wurin yana wajen digiri 36 arewa da layin tsakiyar duniya, kusa da iyakar inda shukar ke jurewa. Abin da ke kashe ta shi ne busasshiyar iskar hunturu da daskarewar saiwa, shi ya sa manoma ke kafa shingen kare iska, su lulluɓe gindi da ciyawa, su rufe kunya da rumfar leda. Sanyin yana jinkirta toho, ganyen ya yi kauri, girbi ya yi kaɗan, farashi ya hau. Ƙarancin ne ke jawo ha'inci, inda ake kawo ganyen kudu a zuba a gwangwani mai sunan Laoshan. Tun 2006 sunan yana da kariyar doka a matsayin amfanin wani yanki na musamman, kuma alamar wannan kariya a jikin ƙunshi ita ce abin dubawa.

Abin da mai ziyara zai tarar

Dutsen ba ƙofa ɗaya gare shi ba, kuma sassansa ba duka suke haɗe ta ciki ba. Mai son gidajen ibada da bakin teku, Taiqing da Huayan da Yangkou ne nasa. Mai son ƙololuwa, Jufeng. Mai son rafi da inuwa, Beijiushui a arewa. Layi na 4 na jirgin cikin gari, wanda aka buɗe a ƙarshen 2022, yana ƙarewa ne a Dahedong, layi na 11 kuma yana da tasha a Beijiushui. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne haɗa Jufeng da Taiqing da Beijiushui a yini ɗaya, sai rana ta ƙare a layin mota.

Tikiti da suna ake yankarsa, baƙo daga waje fasfo zai nuna. Kuɗin ƙofa da na mota da na motar igiya da na shiga Taiqing kowanne a lissafa shi daban. Daga bazara zuwa tsakiyar lokacin zafi hazon teku kan rufe ƙololuwa, matakalar giranit kuma tana santsi in ta jiƙe. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu lokacin tsaron gobarar daji ne: ana karɓe ashana da abin kunna wuta a mashiga, ana kuma rufe hanyoyin daji da ba na hukuma ba.

A cikin gidan ibada ba a tilasta wa kowa ƙona turare ko durƙusawa, kuma baƙon da ba mabiyi ba yana iya zagayawa ya fita. Ma'aunin ƙasa ya ƙayyade turaren tsinken da ake ƙonawa a irin waɗannan wurare: ɓangaren da ke ci kada ya wuce santimita 50 a tsawo da santimita 1 a kauri. Duk wanda ya tare mutum da ƙaton turare, ko da tayin duba, ko da akwatin sadaka a wajen harabar da ke da rajista, abin da yake yi yana cikin waɗanda takardar 2017 ta hana, kuma ana iya kai ƙararsa ga ofishin hukumar yankin.